Abokaina suna cin fuskata ina dariya, in na koma gida sai in huce a kan ƙanwata

Salam Yaya, don Allah a ɓoye sunana. Ni matashi ne ɗan shekara 28 a nan Jos ta wajen Unguwar Rogo, na gama jami'a na yi bautar ƙasa aiki bai samu ba sai na kafa teburin POS a bakin titi. Muna da majalisa mu shida tun muna sakandire, yanzu wasu sun samu hali, ɗaya yana aiki a Abuja ɗaya yana harkar motoci, ni kuma kullum ni ne abin tsokana, sun sa min suna "manajan banki". Bara maganar aurena ta lalace saboda ban iya haɗa lefe a lokacin da aka ɗibar min ba, mutum ɗaya na faɗa wa wanda nake ganin shi ne aminina, sati bai cika ba sai ga maganar a guruf ɗinmu na WhatsApp har da sitika. Shi ɗin dai ina bin sa dubu 85 da ya ce in tura masa zai maido da yamma, wata bakwai kenan, in na tambaya sai ya ce a gaban mutane wai talauci ya mai da ni ɗan karɓar haraji. Ni ba na iya magana, dariya nake yi tare da su amma zuciyata tafasa take. Ranar nan ƙanwata ta taɓa cajata na daka mata tsawa har na yi jifa da wayata ta fashe, Mama ta tsaya kawai tana kallona. Ba na barci, kaina na ciwo, ina ta maimaita maganganunsu ina shirya amsar da ya kamata in ba su. Wani lokacin ji nake kamar in je in fasa masa baki. Ya zan yi?

Wa alaikumus salam ƙanina.

Da ƙanwarka zan fara duk da na san ba a kanta ka rubuto ba. Yarinyar nan caja ta taɓa, caja kawai fa, amma abin da ta kwasa tsawar wata bakwai ce da sitika da "manajan banki" duk a dunƙule, kuma kai da kake sana'ar POS ka fi ni sanin zafin abin idan wani ya ci kuɗi aka zo aka cire a asusun wanda bai san hawa ba bai san sauka ba, to abin da kake yi a gida kenan. Ba wai mugu ne kai ba, haka fushin da aka danne yake, ba ya fita a inda ake jin kunya ko shakka, jira yake sai an zo inda ba za a rama ba, shi ya sa ƙanne da mata da 'ya'ya su ne suke shan wuyar abin da aka yi wa mutum a waje. Ka ba ta haƙuri yau ɗin nan, kuma tunda a gaban Mama ka yi to a gaban Mama za ka gyara, ba sai ka yi dogon bayani ba, "ki yi haƙuri ba laifinki ba ne, raina ne a ɓace daga waje" ya isa.

Yanzu kuma su. Ba zan ce maka ba ka da gaskiya ba don kana da ita, an ci amanarka, an riƙe maka jari, ana kuma yi maka izgili da abin da ba kai ka ɗora wa kanka ba. Aya ta 11 a Suratul Hujurat ta hana wasu mutane su yi wa wasu izgili, ta hana jifan juna da miyagun laƙabi, ƙarara ba sai an nemo mai fassara ba. Na san za su ce ai wasa ne, to mu ma mun san wasa, mu da muka tashi muna jin Kanawa da Zagezagi suna yi wa juna tsiya, Fulani da Barebari, taubasai a gidan biki, amma ko wancan wasan yana da ƙa'ida, zagayawa yake yi, yau a kanka gobe a kaina, kuma ba a taɓa gyambon da yake zubar da jini. Ka duba majalisarku da kyau, akwai ranar da aka taɓa tsokanar na Abuja da abin da yake masa ciwo na gaske? In babu, in kullum a kan mutum ɗaya abin yake sauka kuma mutumin nan shi ne wanda ya fi kowa ƙaramin aljihu, wannan ba wasa ba ne raini ne.

Sai dai ga abin da ba za ka so ji ba, dariyar nan da kake yi tana cikin abin da ya raini abin har ya girma. Su biyar ne, ina da yaƙinin aƙalla biyu ko uku a cikinsu ba su san kana kwana da maganar ba, suna ganin ka dara sai su ce ai wane ba shi da damuwa, akwai sauƙin kai, su ƙara gishiri. Kai kana ganin kawaici kake yi su suna ganin ka ba da izini. Kuma mutanenmu za su yi ta ce maka ka yi haƙuri, su kawo maka aya ta 134 a Ali Imrana wadda ta yabi masu haɗiye fushi, gaskiya ne, amma ka ƙarasa ayar mana, masu haɗiye fushi kuma masu yafe wa mutane, biyun tare suke. Kai ka haɗiye amma ba ka yafe ba, ba za ma ka iya yafewa ba don abin bai tsaya ba gobe ma za a kuma, ajiya kawai kake yi. A Suratun Nisa'i aya ta 148 an ce Allah ba Ya son bayyana mummunar magana sai ga wanda aka zalunta, kenan buɗe baki ka ce an cuce ni ba rashin haƙuri ba ne.

Ciwon kan da rashin barcin ba abin mamaki ba ne. Duk lokacin da rai ya ɓaci jiki yana sakin sinadarai irin su adrenalin da kotisol, bugun zuciya ya ƙaru, jini ya hau, jijiyoyin wuya da kafaɗa su ɗaure, jiki ya shirya wa faɗa ko gudu, kuma matsalar jiki ba ya bambance tsakanin zaman majalisa na gaske da wanda kake sake kunnawa a kanka ƙarfe biyun dare, duk sanda ka dawo da maganar kana shirya "da na ce masa kaza" ka sake tayar da abin daga farko. A 2014 wasu masu bincike a Harvard sun tattara nazarce-nazarcen da aka yi a baya suka ga cewa cikin awa biyu bayan mutum ya fashe da fushi haɗarin ciwon zuciya na farat ɗaya yana ninkawa kusan sau biyar, na shanyewar ɓarin jiki fiye da sau uku. Ba tsorata ka nake yi ba, ga ɗan shekara 28 mai lafiya haɗarin nan ƙarami ne tun asali, amma halin da ka saba da shi yanzu da shi za ka kai hamsin. Ka shiga kemis ko ƙaramin asibitin unguwa a auna jininka a ga ko ya hau, minti biyar ne, in aka auna a ranaku daban-daban yana kai 140/90 ko sama ka ga likita, kada ka tsaya kana ta shan farasitamol.

Akwai masu ba da shawarar wai ka samu katifa ko buhu ka yi ta naushi, ko ka fita ka yi ta gudu har zuciyar ta huce. Ni ban yarda ba. A 2024 masu bincike a Jami'ar Jihar Ohio ta Amurka sun haɗa nazari 154 da ya ƙunshi mutum fiye da 10,000, abin da suka gano shi ne abubuwan da suke ƙara ɗumama jiki irin su naushin buhu ba sa rage fushi, gudu ma sau da yawa ƙara shi yake, abin da ke aiki shi ne wanda yake sanyaya jiki, jan numfashi a hankali, sassauta gaɓoɓi, natsuwa. In ka lura wannan shi ne abin da aka koya mana tun muna Islamiyya ba mu ɗauka da muhimmanci ba, hadisin Abu Zarri ya ce wanda ya yi fushi yana tsaye ya zauna, in bai tafi ba ya kwanta, ga neman tsari daga Shaiɗan, ga yin shiru. Ka ƙara da alwala, ruwan Jos da sanyin safiya ko na hunturu kam ko ba ka so sai ka dawo hayyacinka. A aikace ga yadda zai kasance, ka ji abin ya taso, ƙirji ya yi zafi hannu ya fara rawa, to kada ka ce komai kada ka taɓa komai, ka bar wurin ko da cewa za ka yi bari in zaga, ka zauna, ka ja iska ta hanci ka sake ta a hankali, sakin ya fi jan tsawo, ka yi ta yi har ka ji kafaɗunka sun sauko. Wayar kuma ka ajiye ta. Saƙon murya da aka yi cikin fushi shi ne sitikar gobe.

Na dare kuwa, ka ɗauko littafin da kake rubuta ciniki ka juya bayansa ka rubuta abin da aka faɗa, wa ya faɗa, da abin da kake so a daina, ba zagi ba, a taƙaice yadda za ka iya karanta wa wani. Ka yi shi da yamma ba a kan gado ba. In maganar ta dawo da dare ka ce wa kanka an riga an rubuta, sai gobe. Ba zai yi aiki daren farko ba amma yana rage juyin.

Amma duk wannan kwantar da jiki ne kawai, abin ba zai ƙare ba sai ka yi magana, kuma a nan nake so ka tsaya ka ji ni da kyau don nan ne mutane irinka suke ɓata abin. Sun yi shiru shekara uku, rannan sai su fashe a tsakiyar majalisa su zazzage komai har da abin da aka yi tun aji uku, su zagi uwar wani, washegari su ne masu laifi su ne ake sa su ba da haƙuri, duk cutar da aka yi musu ta bi ruwa. Kada ka yi haka. Ba a majalisa ba, ba a guruf ba, don mutum a gaban 'yan kallo ba ya karɓar laifi, kare kansa yake yi ko da ƙarin cin mutunci. Ka kira aminin naka shi kaɗai, ranar da kai ɗin ka ci abinci ka yi barci, ku keɓe bayan sallar isha'i ko ku hau keke ku je wani mai shayin da ba na unguwarku ba, ka ce masa kamar haka, "wane, maganar aurena kai kaɗai na faɗa wa, na gan ta a guruf, abin ya yi min ciwo sosai kuma har yanzu yana yi min, ba na so a sake." Shi kenan. Kada ka ce kai maci amana ne, kada ka ce dama halinka ne, abin da ya faru kawai da yadda ka ji da abin da kake so. Muryarka za ta iya rawa, ba komai, ka ƙarasa.

Na san amsar da zai bayar kamar ina wurin, "haba kai kuwa wasa ne fa, ka cika zuciya." Kada ka shiga musun wasa ne ko ba wasa ba ne don ba za ka ci ba, ka ce "na ji wasa ne, ni dai ba na so." In ya sake ka sake maimaita masa hakan ba ƙari ba ragi, ba murmushi. Daga nan ka zuba ido sati biyu ko uku, don bakinsa ba shi zai gaya maka komai ba. Wani zai ji kunya ya kasa ba da haƙuri saboda girman kai irin namu na maza amma sai ka ga ya daina, har in wani ya ɗauko maganar shi zai kashe ta, wannan a riƙe shi. Wani kuma kafin ka isa gida ya kai wa guruf cewa manaja ya yi fushi, to ka samu amsarka ba sai ka sake tambaya ba. A majalisa ma haka, in aka kira ka da sunan nan kada ka dara kada ka amsa, ka ce sau ɗaya cikin sanyin murya "sunan nan ya isa haka", in aka ci gaba ka yi sallama ka tashi. Wurin zai yi wani irin shiru mara daɗi, ka bar shi ya yi, ba aikinka ba ne ka gyara musu zama.

Kuɗin kuma ka raba shi da wannan maganar, kada ka haɗa su rana ɗaya don zai ce dama duk saboda kuɗi ne. Dubu 85 a hannun ɗan POS ba ajiya ba ce jari ce, in ma a ce naira 100 kake karɓa a kan kowace dubu biyar, kuɗin nan in ya juya sau ɗaya tak a rana naira 1,700 ne kafin kamfani ya cire nasa, ka lissafa wata bakwai da kanka ka ga abin da kunya ta ci maka. Ka tura masa saƙo a rubuce, gaisuwa, adadin kuɗin, ranar da ka tura, sannan ka tambaye shi ranar da zai biya ko a kashi biyu ko uku ne, ka ajiye rasit ɗin transfa ɗin. In da gaske ba shi da shi Alƙur'ani ya ce a jinkirta wa wanda yake cikin ƙunci, amma wanda yake da hali yana ja wa mai bin sa rai Annabi (SAW) ya kira wannan zalunci, hadisin yana Bukhari da Muslim. In ranar ta wuce ka sa yayansa ko wani babba da yake jin nauyinsa a ciki, in ta kama har mai unguwa, ba tonon silili ba ne haƙƙinka ne. Banda habaici a sitatus don Allah, wannan aikin ba ya dawo da ko sisi. Nan gaba kuma duk wanda ya ce tura min zan maido da yamma ka ce kuɗin aiki ne ba na taɓawa, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi take, kai kuma kana jin kunyar tambayar naka.

Za ka ce to in rabu da su kenan, kuma ga hadisin da ya hana ƙaurace wa ɗan'uwa fiye da kwana uku. Ba gaba na ce ka yi ba, a unguwa irin taku ma ina za ka yi gaba da mutumin da za ku haɗu a sahu ɗaya da asuba. Ka yi masa sallama, ka amsa tasa, in an yi masa rasuwa ka je, in an yi haihuwa ka yi barka, amma sirrinka da jarinka da zamanka na awa uku kowane dare ba dole ba ne, mumini ba a saran sa sau biyu a rami ɗaya. Guruf ɗin ba sai ka fita da hayaniya ba, ka kashe ƙararsa ka daina leƙawa. Na san da wuya, mutanen da kuka taso tare tun kuna sa yunifom ba a cire su kamar riga, kuma makonnin farko za ka ji kaɗaici bayan magariba har ka ji gara izgilin da zaman shiru, a nan ne yawanci ake komawa. Ka cike lokacin tun kafin ya zo, makarantar dare, ƙwallon yamma da wasu samarin daban, ko ka ƙara awa ɗaya a tebur tunda da daddare ma ana neman kuɗi. Kuma ka lura da masu shirun cikin majalisar, sau da yawa akwai wanda abin yake damun sa shi ma yana tsoron in ya kare ka a juyo kansa.

Maganar fasa baki kuwa ka cire ta. Naushi ɗaya zai kai ka ofishin 'yan sanda, kuɗin magani da na sasanci sai sun fi dubu 85 ɗin, teburinka a rufe, Mama tana yawon ba da haƙuri, shi kuma ya zama wanda aka zalunta. Balle garin nan namu da ya sha ganin yadda ƙaramar hatsaniya take zama abin da ba wanda ya shirya masa. Haka ma duk wanda ya miƙo maka tiramadol ko kodin ko ƙwayar barci wai ka ɗan huce, ka gode masa ka wuce, ba banza gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018 ba.

Akwai abu ɗaya da ka ambata a layi ɗaya ka wuce da sauri, ni kuma ina ganin rabin wutar daga nan take, auren da ya lalace. Ka so yarinya, aka sa lokaci, kuɗi suka gagara, ga digiri a akwati, kuma mutumin da ka kai wa kukan ya mai da shi abin dariya, tun daga nan na tabbata ba ka sake faɗa wa kowa ba. Namiji a wurinmu an yarda ya yi fushi amma ba a yarda ya yi baƙin ciki ba, sai baƙin cikin ya riƙa fitowa da tsawa. Ka samu mutum ɗaya babba mai riƙe magana, kawu ko malaminka ko ma Mama, kallon da ta yi maka ranar nan ai ta san akwai abin da ya fi caja, ka faɗa masa abin tun daga farko. In kuma rashin barcin ya wuce sati biyu a jere, abinci ya fita ranka, sana'ar ma ba ka son fita, ko ka fara tunanin illata kanka ko wani da gaske, kada ka jira, ka je asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) da ke Lamingo, suna da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa kuma ba sai wanda ya yi tsirara a titi ake kaiwa can ba, masu damuwa da rashin barci suna zuwa su ga likita su koma gida.

Ka fara da ƙanwarka da awon jinin a satin nan, maganar aminin naka kuma kada ta wuce sati mai zuwa don in ka ja ta za ka fasa. Ka rubuto min yadda kuka yi, musamman abin da ya ce da ka tambaye shi ranar biya.